Hedifon mara igiya mai zama a kan kunne: me ke sa sauti ya yi daɗi, me ke sa kunne ciwo?

Tambaya: Malam, ina so in sayi hedifon mara igiya, irin wanda sosonsa ke zama a kan kunne, ba wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya ba, don ya fi sauƙin ɗauka. Amma abu biyu na damuna. An ce sautin Bluetooth ba ya kai na igiya, sannan wani abokina ya ce nasa na sa masa ciwon kunne bayan awa ɗaya kacal. Ni kuma ina sa tabarau, a wurin aiki nakan yi awa huɗu zuwa biyar da hedifon a kai. Me ya kamata in duba?

Amsa: Ɗan'uwa, abubuwan da ka raba gida biyu, ni a wajena tushensu ɗaya ne. Na daɗe ina aikin haɗa sauti, hedifon a kaina tun safe har dare, kuma abin da na fi tabbatarwa game da wannan nau'in shi ne, wurin da soson ya haɗu da kunnenka shi ke yanke hukuncin yadda sautin zai fito, shi kuma ke yanke hukuncin ko za ka ji ciwo. Bluetooth ɗin da ka sa a gaba shi ne ƙarami a cikin lissafin. Bari in fara sallamarsa, sannan mu zauna kan inda gizo ke saƙar.

Gaskiya ne Bluetooth yana rage wani abu. Sautin faifan CD yana tafiya ne da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, hanyar Bluetooth kuwa ba ta da faɗin da za ta ɗauki wannan kaya cikin kwanciyar hankali. Don haka sai wayarka ta matse sautin kafin ta tura, hedifon kuma ya warware shi. Tsarin matsewar nan shi ake kira kodek. Akwai SBC, wanda dole ne kowace na'urar da ke tura kiɗa ta Bluetooth ta iya shi, yana kaiwa wajen kilobit 328. Akwai AAC da iPhone ke amfani da shi. Akwai aptX na kamfanin Qualcomm mai kilobit 352, sai LDAC na Sony da ke iya kaiwa 990, wanda ya shiga cikin Android tun daga Android 8 a 2017. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, sai ɓangarorin biyu sun iya kodek ɗin kafin ya yi aiki. iPhone ba ta da aptX, ba ta da LDAC. In ita ce a hannunka, ƙarin kuɗin da za ka biya don an rubuta LDAC a jikin kwali asara ce kawai.

Ko da kana da Android, ba zan ce ka ɗora zaɓinka a kan wannan ba. Yawancin waƙoƙi da shirye-shiryen da muke ji ta intanet an riga an matse su tun kafin su iso wayar. Kuma in ka rufe wa mutum ido, ka daidaita ƙarar, ka sauya masa daga wannan kodek zuwa wancan a hedifon ɗaya, sai mai kunne sosai a ɗaki shiru zai iya gaya maka wane ne wane. Ka matsar da soson nan kuwa da faɗin ɗan yatsa ɗaya a kan kunnensa, nan take zai ce maka sauti ya canza.

Inda Bluetooth ke da laifi na gaske wuri biyu ne, kuma ya kamata ka san su tunda don aiki za ka saya. Na farko, da zarar makirufon hedifon ya buɗe, ko kira ne ko taron intanet, na'urar takan bar tsarin kiɗa ta koma tsarin kira. Sautin sai ya haɗe ya zama guda ɗaya a kunnuwa biyu, ya ƙuntata, kamar ana magana ta cikin gwangwani. Mutane da yawa na ɗauka hedifon ɗinsu ne ya lalace, alhali haka tsarin yake. A kwamfuta maganinsa shi ne ka zaɓi makirufon kwamfutar, ka bar hedifon don ji kaɗai. Na biyu jinkiri ne: sautin kan iso kunne a makare da kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Manhajojin bidiyo suna jinkirta hoto don baki ya dace da murya, amma a wasan kwamfuta ko wurin yanka bidiyo za ka ji shi. Sannan Bluetooth na tafiya ne a zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi ma ke bi, kuma jikin mutum yana tare shi. Shi ya sa wayar da ke aljihun baya takan sa sauti ya riƙa yankewa a cikin taron jama'a.

To, yanzu batun soso. In akwai hedifon irin wannan kusa da kai, ko na abokin naka ne, ka yi wannan gwajin. Sa waƙa mai ganga da bes, wato kaurin sauti, sosai. Yayin da take tafiya, ka sa yatsu ka danna ɓangarorin biyu a hankali zuwa kunnenka. Za ka ji ƙasan sautin ya cika, gangar ta yi nauyi, kamar an buɗe wata ƙofa. Ka saki, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya kaɗan, sai ka ji komai ya rame, ya zama fayau. Ba ka taɓa waya ba, ba ka taɓa kodek ba.

Dalili shi ne, lasifikar da ke ciki ƙarama ce, faɗinta tsakanin milimita 30 zuwa 40. Abu mai wannan girman ba ya iya girgiza iskar ɗaki har ya fitar da kaurin sauti. Dabarar da yake yi ita ce ya matsa 'yar iskar da ke kulle tsakaninsa da dodon kunnenka. In iskar a kulle take, matsin ya isa inda aka aike shi. In akwai ɓaraka, ya zurare, kuma bes ne ke fara gudu. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya yana kwantar da sosonsa a jikin kai, kewaye da kunne, wurin da ke da ɗan shimfiɗa. Mai zama a kan kunne kuwa an ɗora masa aiki mai wuya: ya toshe iska a kan fatar kunne, wadda duk lanƙwasa ce da tudu da kwari, kuma ta kowa daban take. Wannan ne ya sa za ka ga mutum biyu sun sayi abu ɗaya, wannan yana yabon bes ɗinsa, wancan yana cewa babu komai a ciki, kuma duk cikinsu babu mai ƙarya.

Kamfani na da hanya biyu na toshe ɓarakar. Ko ya ƙara bes ta lantarki a cikin na'urar don ya cike abin da zai zube, ko ya ƙara wa bakan da ke kan kai ƙarfin matsewa. Yawanci duka biyun suke yi. Kuma a nan ciwon abokinka ya samo asali. Fatar kunne guringuntsi ce da 'yar fata a kai, babu tsoka, babu kitsen da zai zama mata matashi. In aka danne ta a jikin ƙashin kai, minti goma na farko ba ka jin komai. Wajen minti arba'in sai ɗumi ya fara. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ya koma zugi a saman kunne, ka tarar da hannunka yana ta kai wa hedifon gyara ba tare da ka sani ba. Kana sassauta matsin don ka huta, kana zubar da sautin. Kana ƙara shi don sauti ya cika, kana sayen ciwo. Hedifon mai kyau a wannan nau'in shi ne wanda ya sami tsakiyar nan a kan kunnenka kai, ba a kan kunnen wanda ya rubuta sharhi ba.

Tabarau kuwa suna taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda, kuma wannan na san shi a jikina don ni ma ina sawa. Akwai lokacin da na yi aikin yini guda da wani hedifon mai matsi sosai. Da na cire shi da daddare, na duba madubi, sai ga shatin hannun tabarau ja wur a bayan kunnena, saman kunnen yana zafi kamar an murɗe shi, daren nan ban iya kwanciya ta wannan gefen ba. Abin da ke faruwa shi ne soson yana danne kunne, kunne yana danne hannun tabarau, hannun tabarau yana nutsewa a jikin kai. Wuri ɗan ƙarami ke ɗaukar duk nauyin matsin. Sannan hannun yana ɗan ɗaga saman kunnen, soson ya karkace, bes ya sami hanyar fita. Tabarau masu siririn hannu na ƙarfe, mai faɗi kwance, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan masu kaurin hannu na roba. Wasu kan ɗaga hannun su ɗora shi a saman soson, yana taimakawa, amma gilashin sai ya karkata gaba, wanda ba kowane ido ke jurewa ba.

Saboda haka zan gaya maka ra'ayina kai tsaye. Mai tabarau da zai yi awa huɗu zuwa biyar a jere, mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi dacewa da shi, musamman mai soso mai zurfi da laushi wanda hannun tabarau zai nutse a ciki. Mai zama a kan kunne na tafiya ne, na awa ɗaya ko biyu, na wanda ke son abu mara nauyi da zai rataya a wuya ko ya jefa a jaka. Yana kuma da fa'idar da ba a raina ta: ba ya tara zafi da gumi kamar mai rufewa, kuma kana jin abin da ke faruwa kewaye da kai.

Amma in ranka ya kwanta a kansa, akwai abubuwan da ke raba mai jurewa da mara jurewa. Nauyi na ciki. Sony WH-CH520 giram 147 ne, Marshall Major IV giram 165, Beats Solo 4 giram 217, alhali mai rufe kunne irin Sony WH-1000XM5 yana wajen giram 250. Abu mara nauyi ba ya buƙatar matsi mai yawa kafin ya zauna a kai, wannan ita ce alaƙar. Sai dai nauyi kaɗai ba ya faɗin komai, don na sha ganin mara nauyi mai matsi kamar awartaki. Abin da na fi dubawa shi ne ko kofunan, wato ɓangarori biyun da ke zama a kan kunne, suna juyawa. Kunne ba a miƙe yake a jikin kai ba, ya ɗan karkata, bayansa ya fi tasowa. Kofin da ke iya juyawa gaba da baya, sama da ƙasa, zai bi wannan karkatar ya raba matsin ko'ina. Wanda ke a sandare zai zuba duk ƙarfinsa a gefen baya na kunne.

Ina yawan tuna Koss Porta Pro idan ana wannan magana. Tun 1984 ya fito, nauyinsa wajen giram 60, kuma har yau ana sayar da shi, an ma yi masa mara igiya. Waɗanda suka ƙera shi sun sa wasu ƙananan soso a saman kofunan da ke dafa gefen kai, su ɗauke wa kunne wani kaso na matsin. Sun kuma bar bayansa a buɗe, sun tsara sautin yadda ba ya dogara da toshe iska sosai. Farashin wannan dabara shi ne ba ya tare hayaniya ko kaɗan, na kusa da kai ma yana jin abin da kake ji. Ban kawo shi don in ce shi za ka saya ba, na kawo shi ne don ka ga cewa matsalar tsohuwa ce, kuma duk wanda ya warware gefe ɗaya sai ya bayar da wani abu a ɗaya gefen.

Shi kansa soson, ka matsa shi da yatsa. Wanda ke dawowa a hankali, yana riƙe shatin yatsan na ɗan lokaci, shi ne ke bin lanƙwasar kunne. Wanda ke tsalle ya dawo nan take yana tura kunnen ne kawai. Rufin fatar roba ya fi toshe iska, ya fi ba da bes, amma yana sa gumi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu yakan fara ɓarewa, ka riƙa ganin baƙaƙen ɓarɓashi a kunne da wuyan riga. Na yadi ya fi sanyi, amma bes ɗinsa ya fi rauni. Kafin ka biya, ka tabbatar ana iya cire soson a sa sabo, kuma ana samun sa. Soson da ya kwanta yana canza sauti fiye da yadda ake zato, hedifon da yawa da aka jefar da sunan sun tsufa, soso kawai suke buƙata.

Rubutun da ke jikin kwali na cewa daga Hz 20 zuwa 20,000 (Hz ma'aunin kauri da tsinin sauti ne), ka wuce shi. Iyakar jin ɗan Adam ce aka rubuta maka, kusan kowane hedifon haka yake cewa, kuma bai gaya maka wane sashe aka ɗaga wane aka danne ba. Abin da ke sa sauti ya yi daɗi shi ne daidaiton sassan. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya nuna yawancin masu sauraro sun fi son hedifon da ke kama da lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau: bes a ɗan ɗage, sannan tudu a wajen Hz 3,000, inda ramin kunne da kansa ke ƙara wa sauti ƙarfi. Matsalar yawancin masu zama a kan kunne ita ce sun wuce gona da iri. Don tsoron bes zai zube, sai a cika shi har ya hau kan muryar mai waƙa, ta koma kamar tana fitowa daga bayan labule. Don a rama, sai a ƙara tsinin sauti, harafin "s" da "sh" su riƙa sukar kunne. Irin wannan yana burgewa a minti biyu na farko, a awa ta uku kuwa sai ka ji kanka ya yi nauyi. Gajiyar kunne ba daga matsi kaɗai take zuwa ba. In hedifon yana da manhajar da ke ba ka damar rage bes da tsini, wannan ya fi maka amfani a kan kowane kodek.

Akwai abin da ya fi damuna a kan duk waɗannan. Tunda wannan nau'in ba ya tare hayaniyar waje sosai, a mota ko a titi hannu kan tafi kan madannin ƙara da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 90 awa 4 kawai gare ka a mako gaba ɗaya. Kai da za ka yi awa biyar a rana, kwana biyar a mako, awa 25 ke nan, ba ka da sararin wuce 80 da yawa. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa, kuma ba sa yin ciwo lokacin da suke mutuwa. Na san abokan sana'a da ke kwana da ƙarar siiii a kunne wadda ba ta ɗaukewa, ba na so ka shiga cikinsu. Yawancin wayoyin yanzu suna da wurin da za ka sa iyakar ƙara, ka sa. Na'urar kashe hayaniya da ake sa wa wasu tana taimakawa da gurnanin inji da na jirgi, amma ita ma da toshewar soso take aiki, don haka a kan kunne ba ta kai yadda take a mai rufewa.

Ranar gwaji ka je da wayarka da tabarau ɗinka da waƙoƙi uku da ka haddace. Ka haɗa da muryar mutum yana magana kawai, don kunne ya fi saurin gane ƙarya a murya fiye da a kiɗa. In kana gwada biyu, ka daidaita ƙararsu, domin wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne kullum sai ya yi kamar ya fi kyau. Ka juya kai hagu da dama, ka sunkuya, ka motsa muƙamuƙi kamar kana tauna, ka ji ko bes na zuwa yana tafiya. Sannan ka bar shi a kai aƙalla minti ashirin zuwa talatin. In ka fara jin ɗumi a saman kunne a wannan lokacin, to a awa uku ciwo ne, kada wani ya ce maka zai saki. In ta intanet za ka saya, ka zaɓi inda ake karɓar kaya in bai dace ba, kuma ka yi masa cikakken yinin aiki tun a kwanakin farko.

Yakan ɗan saki, gaskiya, amma kaɗan. In bakan na ƙarfe ne, za ka iya ɗora shi a kan littattafan da faɗinsu ya ɗan fi kanka, ya kwana, ka gwada, ka sake in da buƙata. Na roba kuwa ka bi shi a hankali, don yakan tsage a tsakiya ko a mahaɗa. Tsawon bakan ma yana da tasiri: mutane da yawa suna barinsa gajere, kofin ya riƙa jan kunne sama. Ka sauke shi har tsakiyar soson ya dace da ramin kunne, bakan kuma ya kwanta a tsakiyar kai yana ɗaukar nasa kason.

In ka sami mai ramin igiya, ka fifita shi. Batirin wannan nau'in yana daɗewa, wasu awa 50, Major IV ma ya haura 80, amma batir yana tsufa, yawanci kuma ba a yi shi don a canza ba. Ramin igiyar zai cece ka ranar da caji ya ƙare, zai kuma kawar da jinkirin nan in kana aikin bidiyo. Sai dai ka gwada shi a haka ma, don wasu in aka kashe su aka sa igiya, gyaran sautin da lantarkin ciki ke yi yana tsayawa, ka ji kamar wani hedifon ne daban. A wurin aiki kuma, duk awa ɗaya ka sauke shi zuwa wuya na minti biyar, ka cire tabarau, ka ɗan murza saman kunnen har jini ya dawo kafin ka mayar.